Asibitin Kafanchan: Magani Ba Ya Gadin Kansa

A shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, aka kuma ware mata babban asibitin garin, wanda aka raɗa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa. Babu ko shakka wannan abin farin ciki ne ga jama'ar kudancin Jihar Kaduna baki ɗaya, musamman mutanen Kagoma, domin a Fadan Kagoma aka haifi marigayin a 1948, a can kuma aka binne shi a watan Disamba na 2012 bayan haɗarin jirgin sama mai saukar ungulu da ya rutsa da shi a Jihar Bayelsa. Shekara da shekaru, duk wanda ciwo ya tsananta gare shi a Ƙaramar Hukumar Jama'a da maƙwabtanta, sai dai a kwashe shi zuwa Jos ko Kaduna ko Zariya, in yana da sauran kwana ya isa, in babu a juyo da gawa daga hanya. Saboda haka duk matakin da zai kawo manyan likitoci da kayan aiki kusa da talakawan wannan yanki ya cancanci yabo.

To, amma fa akwai abin da ya kamata a tuna wa mahukunta tun gini bai yi nisa ba. Sabon allon suna a bakin ƙofa, da sabon fenti, da na'urori masu tsada, duk ba su ne ke raya maras lafiya da ƙarfe 2 na dare ba. A wannan lokaci likita ya riga ya rubuta magani ya tafi wani ɗakin, mai harhaɗa magunguna ya ba da abin da aka rubuta, dangi sun gaji sun yi barci a baranda. Wanda ya rage a kan maras lafiya shi ne ma'aikacin jiyya, watau nas, mace ko namiji. Shi ne zai auna magani, shi zai ɗura shi, shi ne kuma zai fara ganin ko maganin ya karɓi jiki ko ya juya ya zama guba. Ingancin kowane asibiti a nan yake, kuma a nan ne aka fi yin ko-in-kula idan ana kasafin kuɗi.

Sanin kowa ne magani kan yi ɓarna ta hanya uku: ko ya zamana shi kansa maganin gurɓatacce ne, ko a ba da mai kyau ba bisa ƙa'ida ba, ko kuwa a ba da shi daidai amma a kasa lura da abin da ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani na jawo wa duniya asarar dala miliyan dubu 42 a kowace shekara. Wannan ne ya sa a 2017 ta ƙaddamar da yaƙin rage irin wannan ɓarna da rabi cikin shekara 5. A shekarar ce kuma ta bayyana cewa wajen kashi 10 cikin 100 na magungunan da ke yawo a ƙasashe matalauta da masu tasowa ko dai jabu ne ko kuwa ba su kai ingancin da ake bukata ba.

Nijeriya ba ta bukatar kowa ya ba ta labarin gurɓataccen magani, domin ta sha ɗacinsa. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, irin wanda ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya inji. Arba'in da bakwai daga cikinsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka cika, watau asibitin da mutanen Kagoma da Kafanchan suka saba zuwa. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, a ƙarshen 2008 gubar nan ta sake ɓulla a cikin wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, aka riƙa kai yara asibitocin Legas da Zariya ƙodarsu ta daina aiki, har Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar yara 84. Sai a 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara wajen 70 a ƙasar Gambiya ta hanyar maganin tari.

Abin lura a cikin waɗannan masifu shi ne yadda aka gano su. Ba a tashar jiragen ruwa aka kama gubar ba, ba kuma a kantin magani ba. A bakin gado aka gano ta, sa'ad da ma'aikatan asibiti suka ga yara da yawa a jere sun daina fitsari, suka tambayi iyaye abin da aka ba su a gida, amsa ta zo iri ɗaya. Da ba a auna fitsari ba, da ba a rubuta ba, da ba a yi tambaya ba, da an ci gaba da cewa zazzaɓi ne ko ajali, ana binnewa ana sayen wata kwalbar. Ashe ke nan takardar nan da ke rataye a gindin gado, wadda wasu ke ɗauka aikin ɓata lokaci, ita ce idon ƙasa a kan magungunan da ake sayar wa jama'arta.

Hanya ta biyu ita ce kuskuren awo. Tun a shekarar farko ake koya wa ɗalibin jiyya ya tabbatar da abu biyar kafin ya miƙa ƙwaya ko ya soka allura: wannan ne maras lafiyan da aka rubuta wa, wannan ne maganin, wannan ne adadin, wannan ce hanyar da za a bi a ba shi, wannan ne kuma lokacin. Karatun da sauƙi a aji, amma kiyaye shi a ɗakin da ke cike da gadaje sai an dage. A ƙasar da mutum uku za su iya amsa suna ɗaya a ɗaki ɗaya, kiran suna kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da lambar kati. Kuma maganin yara da nauyin jiki ake auna shi. Allurar atesunet da ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Ɗakin yaran da ba shi da sikeli mai aiki, kintace ake yi da ran ɗan mutum. Haka kuma kwinin, idan aka sake shi a jijiya da sauri yana iya taɓa zuciya, shi ya sa ake ɗiga shi cikin ƙarin ruwa a tsawon awa 4, ana kuma auna sukarin jini domin yana kayar da shi. Jentamaisin, in ya yi yawa, yakan lalata ƙoda ya toshe kunne. Farasitamol ɗin nan da kowa ya raina, in babba ya zarce giram 4 a yini yana jefa hantarsa cikin haɗari. Allurar oksitosin da ake tsai da zubar jini bayan haihuwa tana son sanyin firij. In zafi ya dafa ta a cikin durowa, ƙarfinta na raguwa, unguwarzoma ta yi allura jini bai tsaya ba.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowacce ɓuya, ita ce rashin lura bayan an ba da magani. A nan akwai darasi daga Jihar Kano wanda ya kamata Kaduna ta riƙe da hannu biyu. A 2008 aka shigar da maganin magnesiyam salfet a manyan asibitoci 10 na jihar domin matan da jijjiga ta kama a kan ciki ko haihuwa, aka horar da likitoci da unguwarzoma yadda za su ba da shi da yadda za su lura da mai shansa. Adadin matan da ke mutuwa da wannan ciwo a asibitocin ya faɗo daga wajen kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Maganin ba shi da tsada, amma yana da sharaɗi. Kafin a ƙara wata allurar tilas a ƙirga numfashin matar a ga bai gaza 16 a minti ɗaya ba, a ƙwanƙwasa gwiwarta a ga ƙafa ta zabura, a auna fitsarinta a ga ya kai mililita 30 a awa, a kuma ajiye makarinsa, kalsiyam gulukonet, kusa da gado. Agogo ne da idanu da alƙalami, babu wata na'ura mai tsada a ciki. In aka cika sharaɗin, maganin ya ceci uwa. In aka tsallake shi, maganin nan dai shi zai tsai da numfashinta.

Kafanchan ma ta ga irin nata. A watan Yuli na 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin, ta kashe yara, har Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta tura ma'aikata domin shawo kanta. Makarin dafin wannan cuta daga jinin doki ake samo shi, saboda haka wani jikin yakan ƙi shi nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Dole mai ba da shi ya tsaya a kan yaron, da allurar adirenalin a shirye. Daɗin daɗawa, dafin mashaƙo yakan koma wa zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da maƙogwaro ya washe, iyaye suna murna suna neman sallama. Nas ɗin da ke ƙirga bugun zuciya safe da yamma ita ce za ta fara jin ya canza. Haka abin yake ga ƙarin jini, wanda minti 15 na farko su ne mafi haɗari, da makarin dafin maciji, wanda manoman wannan yanki kan bukata da damina.

Mai karatu zai iya cewa, to ai laifin ma'aikatan jiyya ne, a hukunta su kowa ya huta. Gaskiya ne akwai sakaci, kuma ba za a yi masa kwaskwarima ba. Ma'aikacin da ya cika takarda da awon da bai yi ba ya yi ha'inci, wanda ya bar ɗaki ya tafi hira ya ci amana, wanda ya daka wa uwa tsawa don ta ce jikin ɗanta ya canza ya toshe kunnen da zai cece shi. Majalisar Kula da Aikin Jiyya da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon ladabtar da irin waɗannan har ta soke lasisinsu, kuma ya kamata ta yi amfani da ikon nata. Amma adalci ya wajabta a dubi ɗaya gefen. A farkon 2024 majalisar nan da kanta ta bayyana cewa ma'aikatan jiyya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Waɗanda suka rage kuwa sun fi taruwa a manyan birane. Idan aka bar mutum ɗaya da gadaje masu yawa da dare, ga wuta ta ɗauke, ga ma'aunin hawan jini ɗaya tak da ake aro daga ɗaki zuwa ɗaki, ba zai yiwu ya duba kowa a kan lokaci ba ko da ya fi kowa tsoron Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har ila yau, akwai wata al'ada da ke ƙara dagula al'amari, watau ɗaukar kowane kuskure a matsayin laifin da za a rufe ko a nemi wanda za a ɗora wa. Inda duk aka san faɗin gaskiya zai jawo kora, to babu mai faɗi, kuskuren da aka yi a wannan ɗaki yau sai a maimaita shi a wancan gobe. Tun 2004 NAFDAC ta buɗe cibiyar tattara rahoton illar magunguna, ta kuma tanadi takarda mai ruwan ɗorawa da kowane ma'aikacin lafiya zai iya cikawa. Takardar da ke kulle a ofishin wani babba ba ta da amfani ga kowa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Sa'an nan kuma ga halin da talaka yake ciki. Kudancin Kaduna ƙasar citta ce, kuma annobar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta bar magidanta da yawa hannu rabbana. Mutumin da aka rubuta wa maganin kwana 7, aljihunsa na kwana 3 ne, zai sayi rabi a kemis, ko ya nemi mai araha a hannun 'yan talla, ya kawo ɗakin kwanciya a leda. Sau da yawa kuma kafin a zo asibiti an riga an sha jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ba a san sunansu ba, ana kuma ɓoye wa nas don gudun faɗa. Duk wannan yana komawa ne kan ma'aikacin jiyya, wanda zai ɗura abin da bai san asalinsa ba a kan abin da ba a gaya masa ba.

Bisa ga haka, akwai matakan da ya wajaba a ɗauka, kuma babu ɗayansu da ya fi ƙarfin gwamnati.

Na farko, hukumar sabuwar cibiyar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su sa ɗaukar ma'aikatan jiyya a gaba da sayen manyan na'urori, su kuma bayyana wa jama'a gadaje nawa ne nas ɗaya zai riƙe da rana, nawa da dare. A fifita ɗakin haihuwa da ɗakin yara da ɗakin taimakon gaggawa.

Na biyu, kowane ɗakin kwanciya ya mallaki nasa sikeli, da ma'aunin zafin jiki, da ma'aunin hawan jini, da na sukari, da na iskar jini, da agogon bango mai aiki, da fitilar da ba ta dogara da wutar gari ba. A keɓe akwatin makari da magungunan gaggawa wanda za a duba a kowane canjin aiki. Magunguna masu haɗari irin su insulin da fotasiyam da magnesiyam a raba su da sauran, kuma kada a ba da su sai mutum biyu sun duba awon sun sa hannu.

Na uku, miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa ya zamana a bakin gado ake yinsa, maras lafiya bayan maras lafiya, da takarda a hannu. Likitoci kuma su rubuta magani yadda za a iya karantawa, su kuma daina ɗaukar tambayar nas a matsayin raini. Nas ɗin da ta tsaya ta ce ba ta gane wannan adadin ba ta yi aikinta ne.

Na huɗu, a kafa kwamitin duba kurakurai wanda zai zauna kowane wata, a rarrabe tsakanin kuskuren da tsarin aiki ya haifar da ganganci. Na farko a gyara tsarin, na biyu a hukunta mai shi. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa a saurare shi, kada a tozarta shi.

Na biyar, Gwamnatin Jihar Kaduna kada ta ɗauka an sauke mata kaya. Yawancin marasa lafiya ba a Kafanchan suke fara neman magani ba, a ƙananan asibitocin gundumomi suke farawa, irin na Kagoma da Godogodo da sauran ƙauyukan Jama'a. Jihar ta daɗe da shirin samar da asibiti ɗaya mai inganci a kowace gunduma daga cikin 255 da take da su. Ingancin nan ya haɗa da firij mai aiki, da unguwarzoma mai kwana a wurin, da takardar turawa wadda ta nuna maganin da aka riga aka bayar da lokacin da aka bayar, domin kada a maimaita shi a Kafanchan. Kwalejin Koyon Aikin Jiyya da Unguwarzoma ta jihar a Kafanchan take; abin kunya ne a horar da yara a nan, sa'an nan rashin albashi mai kyau da gidan kwana ya kore su zuwa Abuja ko Ingila, ƙauyukan da suka haife su na nan babu kowa.

Na shida, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su riƙa leƙa kantuna da kasuwannin ƙauye a kai a kai, ba sai an yi mutuwa ba. Asibiti kuma ya cika kantinsa da magani mai inganci a farashin da talaka zai iya, domin wannan ne kaɗai zai raba ɗakin kwanciya da maganin leda.

Jama'a ma suna da nasu rabon. Mai jiyyar ɗan'uwansa ya faɗi duk abin da aka sha a gida, na asibiti da na gargajiya, ya zo da kwalbar ko kwalin in yana da shi. Kada ya taɓa maƙunnin ƙarin ruwa don ya ƙare da wuri. In ya ga numfashi ya canza, ko fitsari ya ɗauke, ko jiki ya yi ƙuraje bayan allura, ko barci ya yi nauyi fiye da kima, ya kira ma'aikaci nan da nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba maras lafiya haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da maganin da za a yi masa, don haka tambayar sunan magani ba rashin kunya ba ce. Mai martaba Kpop Gwong, da Sarkin Jama'a, da sauran sarakuna da hakimai, da limamai da fastoci, suna da bakin da jama'a ke ji. In suka faɗi wannan a fada da masallaci da coci, zai isa inda takardar gwamnati ba ta isa.

Ya kamata mahukunta su tuna cewa amanar jama'a ga asibiti abu ne mai saurin fashewa da wuyar ɗinkewa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996, inda 11 suka mutu, ya jawo shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta a kan dala miliyan 75, ko da yake kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su. Zargin da abin ya bari a zukata yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Uwar da ta rasa ɗa a asibiti ba tare da an yi mata bayani ba, ba ita kaɗai za ta daina zuwa ba, har da maƙwabtanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da ake tsara yadda cibiyar Kafanchan za ta kasance, yanzu ne lokacin da za a sa yawan ma'aikatan jiyya, da kayan awo, da littafin rahoto a cikin kasafi. Mutanen Kagoma da Kafanchan da Kagoro da Kwoi ba za su auna wannan asibiti da tsawon bene ko yawan manyan baƙin da suka zo buɗe shi ba. Za su auna shi ne da adadin matan da suka shiga ɗakin haihuwa suka fito da ƙafafunsu, da yaran da aka kwantar da zazzaɓi aka sallame su suna wasa. Gwamnatin Tarayya da ta Jiha su tabbatar an samu wanda zai tsaya a bakin gado da dare, da agogo da alƙalami a hannunsa, kuma an ba shi abin da zai yi aiki da shi.